Mindar Kyaftin Merrick: Abin da "N. Nigeria 1902" Ke Nufi a Argungu

A shekarar 1902 gwamnatin Birtaniya ta buga wata minda ta azurfa domin sojojin da ta tura yaƙe-yaƙen mamaye ƙasashen Afirka. Faɗinta milimita 36 ne kacal. A fuska ɗaya akwai kan Sarki Edward na Bakwai cikin kayan soja. A ɗaya fuskar kuma wata mace ce tsaye, alamar ƙasar Birtaniya, riƙe da mashi mai baki uku, ga zaki a gefenta, ƙarƙashinsu an rubuta sunan Afirka. Ana rataye ta da ƙyalle ruwan ɗorawa mai baƙin gefe da siraran layuka biyu korra. Mindar ita kaɗai ba ta gaya wa kowa inda mai ita ya yi yaƙi. Wannan aikin wasu 'yan sandunan azurfa ne da ake jerawa a jikin ƙyallen, kowace sanda da sunan ƙasa da shekara.

Ɗaya daga cikin sandunan nan an rubuta mata "N. Nigeria 1902". A cikin umarnin da ya lissafa waɗanda suka cancance ta, bayan rundunar da ta tafi Barno da wadda ta tafi Kwantagora, akwai sojojin da suka zauna a Argungu ƙarƙashin Kyaftin G. C. Merrick na rundunar igwa, suka kuma yi rakiyar ayarin Faransawa, daga 15 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba 1902. Layi guda ke nan a takardar sojan Ingila. A wajen mutanen Gulbin Kabi kuwa, layin nan ya haɗa ƙarshen yaƙin kusan shekara ɗari, da shata iyakar da ta raba 'yan'uwa, da buɗe ƙofar yamma da aka bi aka shiga Sakkwato. Mu ɗauki sandunan mindar wannan hafsa ɗaya bayan ɗaya, mu karanta su daga Argungu da Birnin Kebbi.

Hafsan igwa da kayan aikinsa

George Charleton Merrick an haife shi a 1872, ya shiga rundunar igwa ta Birtaniya yana saurayi, a cikinta kuma ya ƙare rayuwarsa. A wancan zamani hafsan igwa ya bambanta da na ƙasa da na doki. Makarantarsu daban ce, a Woolwich kusa da Landan, tare da injiniyoyin soja, kuma abin da aka fi koya musu shi ne lissafi: auna nisa, auna tudu da gangare, zana taswira, ƙiyasta nauyin kaya da yawan waɗanda za su ɗauka. Irin waɗannan hafsoshi akan ba da aron su ga rundunar da Lugga ya kafa tun 1897 domin tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda mafi yawan sojojinta Hausawa ne da Yarbawa, Turawa kuwa su ne hafsoshi.

Igwar da suka zo da ita Arewa ƙarama ce, mai baki milimita 75, ƙirar kamfanin Vickers, wadda aka yi domin ƙasa mai duwatsu. Harsashinta na yau da kullum ya kusa kilo 6. Ana kwance ta gunduwa-gunduwa: bututu daban, ƙafafu daban, gindi daban. A wasu ƙasashe alfadarai ke ɗaukar ta. A nan ƙasar kuwa kawunan 'yan dako ne suka ɗauke ta, tare da akwatunan harsashi, daga Lakwaja da Zungeru har Kano da Sakkwato. Duk inda mai karatu ya ga an ce igwa ta isa gari kaza, ya sani cewa wuyan mutane ne ya kai ta.

Amfanin igwa a ƙasar Hausa a fili yake. Tsaron ƙasar nan tun zamanin Kanta ya dogara ne ga ganuwa da ƙofa da gwalalo. Mai ganuwa yakan shige ciki ya jira maƙiyi ya gaji, ko damina ta kore shi. Igwa ta zo ta rage wannan jira daga watanni zuwa sa'o'i, domin ko ba ta fasa kaurin ganuwa ba, takan fasa ƙyauren ƙofa. Bindiga mai ruwa kuma, wato Maxim, ita ce ta karya ƙarfin barade a fili. Da waɗannan biyu 'yan ɗaruruwan sojoji suka riƙa tunkarar dubbai.

Abin da ya kai Bature Argungu

Merrick bai ci Argungu da yaƙi ba. Masauki aka ba shi, kuma dalilin wannan masauki ya girmi Merrick da Lugga duka.

Daular Kabi da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16 ta fara ne da hedkwata a Surame, daga baya ta koma Birnin Kebbi. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fice. Kabawa ba su sallama ba. Sama'ila Karari ya tsaya a Argungu har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya shafe shekaru a hannun Sakkwato, sa'an nan a 1849 ya koma ya ɗaga tuta, Zabarmawa da Arawa da Dandawa suka mara masa baya. A 1860 aka kashe Sarkin Gwandu Haliru a fagen fama da Kabawa. A 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, amma bai kai shekara goma ba ya warware.

Sarkin da Merrick ya tarar shi ne Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, wanda aka fi sani da Sama, ya hau gado a 1883. Masu ba da tarihi suna cewa ya ƙone garuruwa masu ganuwa har 90 na Gwandu da Sakkwato. Wajen 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya tara rundunar sarakuna ya nufi Argungu da kansa, aka koma ba nasara. A wannan yaƙin ne Galadiman Kano Tukur ya nuna jaruntakar da ta sa Sarkin Musulmi ya naɗa shi Sarkin Kano a 1893, naɗin da ya haifi Basasar Kano, ya kuma kai Alu Babba kan karaga. Ashe ganuwar Argungu ta riga ta girgiza daular tun kafin a ji ƙarar igwa.

Sarkin da ya gāji gabar kaka da uba, wanda yake zaune tsakanin Sakkwato ta gabas da Gwandu ta kudu, ga kuma Faransawa sun ɓullo ta yamma, ba abin mamaki ba ne ya ga Turawan Ingila a matsayin abokan tafiya. Sama ya karɓe su hannu biyu, su kuma suka amince da shi sarki mai cin gashin kansa, ba ƙarƙashin Gwandu ba, ba ƙarƙashin Sakkwato ba. Kowanne da lissafinsa. Sama yana neman ya tabbatar da abin da ubansa ya mutu a kai. Lugga yana neman wurin ajiye soja kimanin kilomita 100 daga Sakkwato ba tare da ya harba harsashi ba.

Rakiyar Faransawa

Rabin na biyu na layin nan ya ambaci rakiyar ayarin Faransawa. Me ya haɗa hafsan Ingila da gadin kayan Faransa?

Ranar 14 ga Yuni 1898 ƙasashen biyu suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar raba wannan yanki. Waɗanda suka zauna a teburin ba su taɓa shan ruwan Gulbin Kabi ba. Suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100, kimanin kilomita 160, suka ce abin da ke cikin bakan na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Da Faransawa suka kama Damagaram a 1899, sai suka gane cewa hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa can ta bi ta ƙasar da rijiyoyinta ba su isa ayari ba. Rijiyoyi masu ruwa da garuruwa masu hatsi duk suna cikin bakan. Dole ta sa suka roƙi Ingila ta bar ayarinsu ya ratsa ƙasar da take kira tata, ita kuma ta yarda, bisa sharaɗin sojojinta su yi rakiya.

Mutanen wannan yanki suna da dalilin gudun ayarin Faransawa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Arewa, ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, ta kuma yi kisan da har yau ake tunawa a Birnin Ƙonni. Shekara uku bayan haka sai ga sojojin Merrick suna wucewa gaba suna share wa ayarin wannan ƙasa hanya, ana neman ruwa da hatsi da 'yan dako daga ƙauyukan da ba a shawarce su ba. A lokacin, Ingila ba ta mallaki ko taki ɗaya na Sakkwato ba. Takarda ce kawai a Paris ta ce ƙasar tata ce, rakiyar kuma hanya ce ta nuna wa Faransa cewa mai ƙasa yana nan.

A nan ne Argungu ta fara biyan kuɗin abota. Kawayen da suka tsaya wa Yakubu Nabame da Sama, musamman Zabarmawan Dosso da yawancin Arawa da Dandawa, iyaka ta jefa su ɓangaren Faransa. Da aka sake gyara iyakar a 1904 da 1906 domin Faransa ta sami hanya mai ruwa, sai bakan ya ƙara tsukewa, ƙasar da ke arewacinsa ta tafi. Jikokin mutanen da suka yi yaƙi a sahu ɗaya, yau wasu 'yan Nijeriya ne wasu 'yan Nijar.

Sanda ta biyu: 1903

A watan Oktoba 1902 abubuwa biyu suka faru. Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya gudu Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi. Sarkin Musulmi Abdurrahman kuma ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru. Lugga ya sami hujja a na farko. Ya ƙara da wata hujjar, cewa hukumar shata iyaka ta Ingila da Faransa za ta fara aiki kusa da Sakkwato, kuma tana bukatar tsaro.

Ofishin mulkin mallaka a Landan bai saki jiki da gaggawar Lugga ba, sai ya tura wani hafsan igwa da ya girmi Merrick nesa ya karɓi jagorancin yaƙin. Shi ne Birgediya Janar George Kemball, wanda aka haifa a 1859, ya shiga rundunar igwa a 1878, ya yi yaƙi a Afganistan, ya kuma kasance cikin rundunar da ta je ceton Chitral a iyakar Indiya a 1895. Shi ne ya jagoranci cin Kwantagora da Bida a farkon 1901. Kirjinsa ya riga ya cika da mindodin Indiya kafin ya ga ganuwar Hausa. Lugga bai ji daɗin zuwansa ba, kuma kafin Kemball ya riski runduna, Kanar Morland ya riga ya tashi daga Zariya ranar 29 ga Janairu 1903 da sojoji sama da 700, igwa 4 da bindiga mai ruwa 4.

A Bebeji igwa ta fasa ƙofa. A Kano, ranar 3 ga Fabrairu, harsashi ya daki ganuwa ya kasa yi mata komai, har sai da aka koma wata ƙofar aka fasa ta. Sarki Alu ba ya gari, yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. A Kwatarkwashi, ƙarshen watan, baraden Kano suka yi ta kai sukuwa kan sahun sojan doki, Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi a nan. Kemball da Morland suka haɗu a Ƙauran Namoda suka nufi yamma. A wajen Shagari, kudu da Sakkwato, Merrick ya iso daga Argungu da sojoji kimanin 200. Zaman da ya yi a bakin gulbi tun bara ya biya bukata: Gwandu tana ganin soja a bayanta da soja a gabanta, ba ta fito yaƙi ba, Sakkwato ta tsaya ita kaɗai.

Ranar 15 ga Maris 1903, a filin Giginya, sojoji kimanin 650 da 'yan igwa kusan 70, da 'yan dako 400 a bayansu, suka ja sahu mai kusurwa huɗu. Igwa da bindiga mai ruwa suka buɗe wuta daga nisan da kibiya ba ta kaiwa. Kafin rana ta take, an gama. Wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tutar Sarkin Musulmi har aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. A ɓangaren Turawa, rahotonsu ya nuna mutum ɗaya ne ya mutu, shi ma ɗan dako ne. Attahiru ya yi hijira gabas, jama'a suka bi shi dubbai, har aka tarar da shi a Burmi ranar 27 ga Yuli ya yi shahada. Sandar "N. Nigeria 1903" ta ɗauki waɗannan ranaku biyu daidai a matsayin farko da ƙarshe: 29 ga Janairu da 27 ga Yuli. Faɗuwar daular da Shehu Usmanu ya kafa, tun daga Bebeji har Burmi, ta shige cikin ƙarfen da bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Sanda ta uku, da wadda ta biyo baya

Shekarar ba ta ƙare ba aka sake kiran Merrick, wannan karon can kudu da Binuwai. A watan Disamba 1903 mutanen da Turawa ke kira Okpoto, a lardin Bassa, suka kashe Razdan Kyaftin O'Riordan da wani hafsan 'yan sanda. Aka ba Merrick rundunar ramuwa, ya yi ta aiki a cikin kurmi daga 23 ga Disamba 1903 zuwa 12 ga Maris 1904. Aka yi wa wannan tafiya sandarta ita kaɗai, "N. Nigeria 1903-04". Irin wannan yaƙi Turawa da kansu suke kiransa yaƙin horo, kuma tsarinsa sananne ne: a ƙone ƙauye, a kwashe rumbu, a ci tara, har sai an miƙa waɗanda ake nema. Ayyukan Merrick a Arewa suka jawo masa lambar DSO, wadda ya ci gaba da rubutawa bayan sunansa har ya mutu.

Sanda ta gaba da ta shafi ƙasar Kabi ba ta Merrick ba ce, amma ta wani ɗan rundunarsu ce. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 talakawan Satiru, kusa da Sakkwato, da gatura da fartanya da kibau, suka tarwatsa sojan doki, suka kashe Turawa uku da sojoji sama da ashirin, suka kama bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris Manjo Goodwin, shi ma hafsan igwa, ya iso da runduna. Aka kashe mutane kimanin 2,000, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa. An haɗa wannan da yaƙin Haɗeja an yi musu sanda ɗaya, "N. Nigeria 1906".

Satiru ce ta yanke makomar Birnin Kebbi. Turawa suka zargi Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru da goyon bayan masu tawaye, suka tuɓe shi, suka naɗa Haliru Abdu, kuma a wannan lokacin ne hedkwatar masarautar Gwandu ta zauna a Birnin Kebbi. Sama, wanda ya ba da masauki a 1902, yana raye yana gani. Birnin kakanninsa, wanda aka yi shekara ɗari ana zub da jini a kansa, abokan nasa ne suka tabbatar da shi a hannun Gwandu. Dalilinsu bai ɓuya ba. Tsarin mulkin da Lugga ya shimfiɗa yana bukatar sarakunan daular da ya ci, da alƙalansu da hakimansu da hanyoyinsu na karɓar haraji, fiye da yadda yake bukatar tsohon aboki. Argungu ta tsira da 'yancinta da sarautarta, Sarkinta yana amsa sunan Sarkin Kabi har gobe, amma Birnin Kebbi bai dawo ba. Sama ya rasu a 1915.

Wa aka ba me

Rabon lambobin yabo a wannan yaƙi hoto ne na yadda aka jera mutane. A sama akwai Victoria Cross, wadda aka ba Laftana Wallace Wright saboda Kwatarkwashi, ko da yake sojoji 44 ne suka tsaya tare da shi a sahun. Sai lambobin manyan hafsoshi: Kemball ya sami CB bayan Sakkwato, a 1917 aka ƙara masa KCMG ya zama Sir George, ya bar aiki a 1919 bayan shekara 41, ya rasu a 1941. Sai DSO, gicciye mai farin fenti da Sarauniya Victoria ta ƙirƙiro a 1886, wanda a wancan zamani hafsoshi kaɗai ake ba. Baƙin soja ba ya zama hafsa a lokacin, saboda haka ƙofar wannan lamba a rufe take gare shi tun daga tushe. An yi musu tasu lambar jaruntaka daban.

Mindar Afirka kuwa, ta azurfa, an ba Bature an ba baƙin soja iri ɗaya. A gefen kowace an buga lambar soja, da muƙaminsa, da sunansa, da bataliyarsa. Sojojin Arewa da yawa an ɗauke su aiki ne da suna da sunan gari, wane Katsina, wane Bauci, wane Zabarma. Wasunsu bayi ne da suka gudo daga iyayen gijinsu, wasu 'yan kasada ne, wasu yunwa ce ta kai su bariki. Kundayen da aka rubuta sunayen waɗanda aka ba mindar suna nan a gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew. Wannan taska ce ga mai binciken tarihinmu, domin tana amsa tambayar da mukan kauce wa: su wane ne suka riƙe bindigogin da aka juya wa Giginya? Turawan da ke wurin ba su fi talatin da 'yan kai ba. Sauran duk 'yan ƙasa ne.

A ƙasan jerin akwai 'yan dako. A wasu yaƙe-yaƙe ƙalilan an buga mindar tagulla domin masu hidima marasa bindiga, amma galibin waɗanda suka ɗauki bututun igwa a ka sun koma gida da ladan kwanaki kawai, waɗanda suka koma ke nan. Can waje da jerin baki ɗaya kuma akwai waɗanda aka harba. Su ba su da kundi a Kew. Sunayensu suna cikin waƙoƙin malamai, da bakin tsofaffi, da kushewun Giginya da Burmi.

Littafi da jirgi

Akwai abin da Merrick ya bari wanda ba a rataya shi a ƙirji. A 1905 kamfanin Kegan Paul na Landan ya buga littafinsa mai suna Hausa Proverbs, tarin karin maganar Hausa da fassara da bayani. Yana cikin littattafan farko da aka keɓe wa karin maganarmu, kuma masu nazarin harshe suna ambatonsa har yau. Hafsa ba ya iya tafiyar da sojojin da ba ya jin maganarsu, saboda haka Hausa ta zama harshen bariki, aka kuma riƙa ƙarfafa wa hafsoshi gwiwar koyon ta. Merrick ya wuce abin da aiki ya nema. Wanda ya kai ga tattara karin magana ya zauna da mutane ya saurare su da kyau, domin karin magana ba ta fitowa sai hira ta yi daɗi ko rai ya ɓaci.

Ba a bukatar a zaɓi ɗaya tsakanin mai igwa da mai littafi, domin mutum ɗaya ne, kuma kunnen da ya ji karin magana shi ne ya ji labarin hanya da rijiya da yawan dawakin abokan gaba. Sanin harshe makami ne a hannun mai mamaya. Duk da haka littafin ya adana mana maganganun Hausawan farkon ƙarni na 20 yadda aka furta su, a lokacin da boko bai kafu ba. Sunan da ke bangon littafin na mai tattarawa ne, hikimar da ke ciki ta masu harshe ce.

Bayan ya bar Afirka, Merrick ya zama Manjo, sai hankalinsa ya koma ga sabon abin da ya shigo aikin soja, wato jirgin sama. Hafsoshin igwa suna cikin waɗanda suka fara gane amfaninsa, domin babbar matsalarsu kullum ita ce ganin inda harsashi ya sauka. A 1912 aka kafa rundunar jiragen soja da makarantar koyon tuƙi a Upavon, kudancin Ingila. Ranar 3 ga Oktoba 1913 Merrick yana saukowa da wani jirgi mai fiffike biyu ƙirar Short, sai jirgin ya yi tsinin kai ƙasa ya kife. Bai ɗaura bel ba. Ya faɗo ya mutu yana da shekara 41, wata goma kafin Yaƙin Duniya na Farko, yaƙin da igwa ta yi wa samarin Turai irin abin da ta yi a Giginya, sau dubbai.

Karatun minda

Mindodi masu sandar Arewacin Nijeriya suna fitowa a kasuwannin gwanjo na Landan har yanzu. Masu tara su suna duba ko azurfar ta goge, ko sunan gefe na asali ne, ko sandar tana da wuyar samu. Takardar gwanjo takan ba da tarihin mai mindar daga haihuwa zuwa mutuwa, wuraren da ya yi yaƙi kuwa su zo a jere kamar tashoshin jirgin ƙasa. Ba ƙarya take yi ba. Daga gefe ɗaya take kallo.

Ɗan Kabi da ya riƙi irin wannan minda yana iya karanta abin da mai gwanjo ba zai gani ba. Zai ga cewa 15 ga Yuni 1902 ba ta yiwu ba sai da 1805 da 1831 da 1849 suka gabace ta. Zai ga cewa rabuwar kan masu ƙasa ta yi wa Lugga aikin da igwa ba za ta iya ba, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da ya ɗauka ta isa: Sakkwato tana kare addini da daula, Argungu tana kare gadon Kanta. Zai ga kuma cewa baƙon da aka ba masauki shi ya yi rabon gado daga ƙarshe, bisa bukatarsa.

Gabar da Merrick ya tarar ba shi ya kashe ta ba, ba kuma Lugga ba. Ta ci gaba da ci a ƙarƙashin toka har 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya tako Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi, aka shirya masa kamun kifi a Matan Fada. Daga wannan ziyara bikin Argungu ya samo siffar da duniya ta san shi da ita. A 1991 aka ƙirƙiro jihar da ta haɗa Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, aka sa mata sunan daular Kanta, aka ajiye hedkwatarta a Birnin Kebbi. A tsohon gidan sarautar Argungu, wanda ya zama gidan tarihi na Kanta, masu da takubba da tambura na wancan dogon yaƙi suna nan ajiye, kusa da kaburburan sarakunan da suka yi shi.